Zaɓen Babban Otal a Kaduna: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗin Ɗaki

Kaduna gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi, kuma duk wanda zai kama ɗaki mai tsada a cikinsa ya kamata ya san da haka, domin zanen nan na Turawa har gobe yana da hannu wajen raba inda ake samun barci mai daɗi da inda ba a samu. Da Gwamna Lugga ya ga Zungeru ba ta yi masa ba, sai aka zaɓi bakin kogin Kaduna kusa da layin dogo, aka dawo da hedikwatar Arewa nan a 1917. Aka ware wa Turawa unguwarsu mai faffaɗan tituna da manyan filaye, aka ware wa sojoji bariki, 'yan ƙasa kuma aka ba su irin su Tudun Wada. Wannan unguwa ta Turawa, wadda kowa ke kira GRA, a cikinta da kewayenta ne mafi yawan manyan otal na garin suke a yau: wajen Independence Way, titin Lafia, titin Alkali, Isa Kaita, titin Sultan, har zuwa Unguwar Rimi da Malali.

Saboda haka tambayar farko ba ta sunan otal ba ce. Me ya kawo ka Kaduna, kuma a wane ɓangaren kogi abin yake? Idan taro ne a Gidan Arewa, ko aiki a Majalisar Dokoki, ko ganin likita a asibitin Barau Dikko, ko ɗaurin aure a masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, to ka tsaya arewacin kogi, cikin GRA. Idan kuwa harkar taka ta Kakuri ce ko Barnawa ko Narayi, waɗanda ke kudancin kogi, kwana a Malali wahalar da kai ne, don za ka ci cunkoson gada safe da yamma, ko da yake sababbin hanyoyin da aka buɗe a 'yan shekarun nan sun rage abin. Wanda ya zo baje kolin kasuwar duniya da ake yi a filin da ke hanyar Zariya, ko bikin yaye hafsoshi a makarantar sojoji ta NDA, shi ma arewacin gari ya fi masa, wajen da zai ɓulle ta Kawo ko Mando ba tare da ya ratsa tsakiyar kasuwa ba. Jirgin ƙasa na Abuja, wanda ya fara aiki a 2016, a Rigasa yake sauke mutane, filin jirgin sama kuma yana can bayan Mando. Dukansu da ɗan nisa daga GRA, don haka otal ɗin da ke da motar ɗaukar baƙi ya riga ya ci maki ɗaya.

Masu zuwa don tarihi su san abu ɗaya tun daga gida: tarihin Kaduna a kan titi yake, ba a cikin ɗakin kwana ba. Mafi yawan manyan otal ɗin gine-gine ne na bayan 'yancin kai. Abin da kuɗinka zai saya maka shi ne kusanci. Daga tsakiyar GRA, tafiyar mintuna kaɗan ce zuwa Lugard Hall mai ƙubba, inda majalisar sarakuna da ta wakilan Jihar Arewa suka zauna, yanzu kuma Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke zama. Ga Gidan Arewa a titin Rabah, gidan Sardauna Ahmadu Bello inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, wanda ya zama cibiyar adana tarihi da bincike a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ga gidan tarihi na ƙasa a titin Ali Akilu, cikin ginin da ya taɓa zama ofishin jam'iyyar NPC. Ga ƙaramar gadar ƙarfe ta Lugga da aka kwaso daga Zungeru aka kafa a wurin shaƙatawa na Gamji, bakin kogi. Ga dandalin Murtala, tsohon filin sukuwa. Duk wanda zai kawo yara hutu, ina roƙonsa ya kai su Gidan Arewa ko da na awa biyu ne. Abin takaici ne yaro ya kwana uku a Kaduna bai ga komai ba sai wurin ninƙaya.

To, a cikin manyan masaukan, iri uku ne mutum zai auna.

Na farko su ne tsofaffin manyan otal irin na zamanin gwamnati. Sunan da kowa ya sani shi ne Hamdala, wanda aka gina a zamanin Sardauna a kan titin Waff, titin da yanzu ake kira Muhammadu Buhari Way. Ɗan'uwansa Durbar, wanda aka gina don hawan daba na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, an rushe shi a Janairun 2020, kuma dattawan garin har yau suna maganarsa. Abin da irin waɗannan wurare suke da shi wanda sabon gini ba ya iya saye shi ne fili: harabar da za ta ɗauki motoci masu yawa, manyan zaurukan taro, ɗakuna masu faɗi da tsayin rufi, da manyan itatuwa da suka shekara hamsin suna ba da inuwa. Amma kowane tsohon gini, a ko'ina yake, ƙarfinsa ya dogara ga gyaran da aka yi masa na baya-bayan nan. Ka tambaya wane ɓangare aka gyara, kuma ka ce a ba ka ɗaki a can.

Na biyu su ne otal na 'yan kasuwa da suka cika GRA, irin su Asaa Pyramid da Hotel Seventeen da Bafra da wasu da dama. Yawancin irin waɗannan a filin tsohon gidan ma'aikaci aka tayar da bene, shi ya sa za ka ga ɗakunan na zamani ne amma harabar ba ta kai ta tsofaffin ba. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya zo kwana biyu, a ganina nan ne ya fi dacewa: kusa da ofisoshi, kusa da bankunan Yakubu Gowon Way, kuma idan abu ya lalace ana samun wanda zai ɗauki mataki a take. Sai dai bambancin da ke tsakaninsu yana da yawa, har ma tsakanin ɗaki da ɗaki a gini guda, kuma hoton da ke intanet yawanci na ɗakin da ya fi kowanne kyau ne a ranar da aka buɗe wurin.

Na uku shi ne fita bayan gari gaba ɗaya, kamar Fifth Chukker da ke wajen Maraban Jos, wurin wasan ƙwallon dawaki da ke da masaukin baƙi. Kaduna dama tsohuwar cibiyar wannan wasa ce tun zamanin Turawa. Wanda ke son shiru da iska da kallon dawaki, ko ango da amarya da ke son su huta da kai-kawon dangi, zai ji daɗinsa. Wanda ke da taro ƙarfe tara na safe a cikin gari kuwa, ya haƙura da shi. Kuma duk wani masaukin bayan gari, a tsara zuwa da dawowa da rana.

Akwai kuma gidajen haya na kwana-kwana masu kicin da falo, da suka yawaita yanzu. Suna da kyau ga iyali mai yawa, amma ba su ne ake nufi da otal mai cikakkiyar hidima ba: babu mai kawo maka shayi ƙarfe biyun dare, babu mai wanki da guga, wani lokacin ma kai za ka nemi mai tayar da janareto.

A nan ne nake son mai karatu ya fi tsayawa. Duk abin da ake kira alfarma a otal ɗin Kaduna, a kan wuta da ruwa yake tsaye. Tayil mai sheƙi da fitilu masu lilo a wurin karɓar baƙi ba su da amfani ga wanda ya farka cikin gumi a watan Afrilu. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Idan ka kira, kada ka tambaya ko suna da janareto, kowa zai ce yana da shi. Tambaya ita ce: idan an ɗauke wuta da tsakar rana, ana tayar da shi nan take ko sai yamma? Yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, ko fanka da fitila kawai? Akwai na biyu idan na farko ya tsaya? Tun da dizal ya yi tsada, kuma aka ƙara kuɗin lantarki a 2024 ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, wurare da yawa sun koma kashe janareto na wasu awoyi da rana, suna barin sola ta riƙe fitilu. Wannan ba laifi ba ne a ƙaramin masauki mai araha. A wurin da ke karɓar kuɗin alfarma kuwa, cin amana ne idan ba a faɗa maka ba tun farko. Ruwa ma haka: a watan Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, ruwan zafi da asuba ba ado ba ne, larura ce, musamman ga tsofaffi da yara. Da ka shiga ɗaki, tun kafin yaron da ya ɗauko jaka ya fita, ka buɗe famfo ka ga ƙarfin ruwan da launinsa, ka kunna hita, ka kunna na'urar sanyi ka saurari ƙararta, ka duba ragar taga saboda sauron damina. Gani ya kori ji.

Abu na biyu da baƙi ke mantawa shi ne biki. Manyan otal na Kaduna da yawa da zauren biki suke samun kuɗi, kuma daga Juma'a zuwa Lahadi da wuya zauren ya zauna babu kowa. Dina ko kamu da aka fara bayan isha'i na iya kaiwa tsakar dare, ga mai kiɗa, ga maroƙa, ga motoci sun toshe ƙofa. Idan kai ne mai bikin, wannan alheri ne, danginka na sauka daga bene su shiga zaure. Idan hutu ka zo yi, tambaya ɗaya ta isa: akwai taro a daren nan, kuma ɗakina yana wane gefe? Haka nan maganar mashaya. Wasu wuraren suna sayar da giya kuma suna da gidan rawa, wasu ba sa yi sam. Kaduna gari ne na kowa da kowa, kowane irin baƙo yana da inda ya dace da shi, amma magidancin da zai zo da iyali yana da haƙƙin ya sani kafin ya biya, kuma babu kunya a tambayar.

Daga nan sai ƙananan abubuwan da ke nuna ko masu wurin sun san baƙinsu. Akwai masallaci a haraba, ko sai an fita titi? An sa alamar alƙibla da darduma a ɗaki? Akwai buta ko mesar tsarki a banɗaki? A watan azumi, kicin na tashi yin sahur? Idan Hajiya da 'yan mata na son ninƙaya ko motsa jiki, akwai lokacin da ake ware musu? Wanda ya zo da direba ya tambayi inda direban zai kwana da abin da zai ci, don barin bawan Allah a cikin mota har asuba ba mutunci ba ne, kuma shi ne zai tuƙa ku gobe. Karin kumallo ma abin tambaya ne, ko yana cikin kuɗin ɗaki, kuma na mutum nawa, don sau da yawa na mutum ɗaya ne ko da ku biyu ne a ɗakin. Ni dai wurin da zai ajiye kunun gyaɗa da ƙosai da waina kusa da burodi da ƙwai ya fi burge ni a kan wanda ya cika takardar abinci da sunayen ƙasashen waje alhali rabinsu babu.

Tsaro ba a tsawon katanga kaɗai yake ba. Ka lura ko masu gadi na duba mota da gaske, ko ana rubuta sunan mai zuwa ziyara, ko ma'aikacin karɓar baƙi na faɗin lambar ɗakinka da ƙarfi a gaban jama'a. Ka duba inda matakalar fita take idan gobara ta tashi, kuma ka tabbata ba a kulle ta da kwaɗo ba.

Sai kuɗi. Farashin da aka faɗa maka a waya ba lallai ne shi za ka biya ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ke aiki tun 2020, akwai kuɗin hidima da wurare da yawa ke ɗorawa, wasu kuma na karɓar kuɗin ajiya da za a mayar maka ranar tafiya. Ka ce a faɗa maka jimla, a turo maka a rubuce. Idan za ka tura kuɗi, ka tabbata asusun da sunan otal yake, ba na wani mutum ba, domin masu buɗe shafin bogi da sunan otal a Facebook da Instagram sun yawaita. Ana yin ragi, musamman a tsakiyar mako da kuma ga mai kwana da yawa, amma sai ka nemi manaja. Yaron da ke kan tebur ba shi da ikon rage ko sisi. A lokacin baje koli, da makon yaye sojoji, da ƙarshen shekara da bukukuwa ke yawa, da duk ranar da 'yan siyasar Arewa suka sa taro a garin, ɗakuna na ƙarewa da wuri, don haka a kama tun da sauran lokaci. A irin waɗannan ranaku kaɗai nake ba da shawarar a biya duka kwanakin tun daga gida. A sauran lokuta, ka biya na dare ɗaya, ka kwana ka ga yadda wuta da ruwa da hayaniya suka kasance, da safe ka ƙara sauran idan wurin ya cika alkawari. Idan bai cika ba, akwai wani otal ɗin a titi na gaba.