Joshua da Usyk: dabara ce ta gaza ko numfashi?

A gidajen kallon Sabon Gari da Tudun Wada a Zariya, har yau ba a gama musu kan kayen da Anthony Joshua ya sha a damben boksin hannun Oleksandr Usyk a Landan a Satumbar 2021 ba.

Masu cewa dabara ce suna da hujja. Joshua ya shigo da kilo 109, Usyk kilo 100, amma maimakon ya danne shi jikin igiya ya riƙa dukan haƙarƙari, sai ya tsaya nesa yana gasar gwaninta da Usyk, wanda bahago ne. Bahago kuwa, muddin ƙafarsa ta dama tana wajen ƙafarka ta hagu, hagunsa za ta riƙa isa fuskarka kai tsaye. Haka idon Joshua na dama ya kumbura.

Masu cewa numfashi ne sai su kawo karawarsu ta biyu da aka yi a Jidda a 2022. A turmi na 9 Joshua ya yi ta dukan ciki har Usyk ya jigata, amma a turmi na 10 hannayen Joshua sun yi nauyi, Usyk ya rama da ƙari. Mun fi karkata ga wannan, don damtse mai kauri iska yake sha, kuma turmi 12 akwai nisa.