Samsung T7 a zafin Garwa: abin da na gani bayan na yi aiki da shi

Ɗaukar bidiyon biki da suna ce sana'ata a nan Garwa, kuma tun da abokan sana'a suka ga na koma aiki da diskin ajiyar bayanai Samsung T7 mai cin 1TB suke tambayata ko ya ci kuɗinsa. Ga wanda yake yanka bidiyo kullum, e, ya ci har da ƙari. Wanda kuwa yake neman inda zai jibge fina-finai da hotunan shekaru ya rufe ya manta, to ya riƙe kuɗinsa, diski mai faifai ya fi dacewa da shi.

Abin ɗan ƙarami ne, bai cika tafin hannu ba. Nauyinsa giram 58, kaurinsa milimita 8, jikinsa na alminiyam. A 2020 ya fito kasuwa. A cikin kwalin akwai waya biyu, ɗaya mai kan USB-C gaba da baya, ɗaya kuma mai shiga tsohon ramin USB da muka saba da shi. SSD ne, babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma wannan ne ya fara jan hankalina kafin ma maganar gudu.

Diskin da yawancinmu muke yawo da shi a jaka yana da faifai a ciki da ke juyawa sau 5400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Yanzu ku duba yadda muke aiki: daga ɗaurin aure a Yelwa a haye mashin zuwa walima a Pumpumre, jaka a baya, rami nan rami can, a isa a buɗe kwamfuta a kan kujerar roba yara suna ta gilmawa ta kan waya. Diski mai faifai yana iya jure jijjiga in a kashe yake, amma in yana cikin juyawa aka buge shi, allurar na iya kartar faifan. Wani abokin sana'ata haka ta same shi, yaro ya ja waya, diskin ya faɗo daga kan tebur. Da muka mayar da shi sai ƙat, ƙat, ƙat, ya yi shiru, ya sake farawa. Duk wanda ya ji wannan ƙarar ya zare waya nan take, don kowane kunnawa ƙara ɓarna yake yi. Kada kuma a bari mai gyaran bakin kasuwa ya kwance shi a kan teburinsa, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta gama da abin da ya rage. Irin wannan aikin a ɗaki na musamman ake yinsa inda ake tace iska, kuma kuɗinsa ya ninka na diskin. Shi T7 kamfanin ya ce yana jure faɗuwa daga tsayin mita 2. Ban jefar da nawa don gwaji ba, amma ya sha yawo a aljihun gaban riga a kan mashin, bai taɓa yi mini gardama ba.

Maganar gudu ita ce inda mutane suka fi ruɗewa. A jikin kwalin an rubuta 1050MB a daƙiƙa wajen karantawa, 1000MB wajen rubutawa. Gaskiya ne, amma sai in ramin kwamfutarka USB 3.2 Gen 2 ne, mai gudun gigabit 10. Yawancin kwamfutocin na-hannu da ake kawo mana daga Turai USB 3.0 gare su, mai shuɗin harshe a ciki, kuma a nan abin da za ka samu bai wuce wajen 400MB ba. In ka kuskura ka soka shi a baƙin rami na USB 2.0, zai sauko ƙasa da 40MB, sai ka rantse jabu aka sayar maka. A lissafe, bidiyon 100GB yana cin kusan minti 15 a diski mai faifai, wajen minti 4 a shuɗin rami da wannan SSD, minti 2 ko sama kaɗan a sabon rami, a baƙin rami kuwa ka je ka yi sallah ka ci abinci ka dawo. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: in daga katin kyamara kake kwashewa, katin ne zai riƙe ka, domin katunan SD na yau da kullum ba sa wuce 90MB ko kusa da haka. Inda na ga bambanci na gaske shi ne wajen yanka. Ina ɗora aikin gaba ɗaya a kansa, in ja bidiyo gaba in dawo baya, hoto ba ya tsayawa yana tunani. Da daddare in na tashi daga shago sai in zare shi in ƙarasa a kwamfutar gida. Wannan kaɗai ya rage mini kwanan shago a watannin da biki ke yawa, bayan ƙaramar Sallah da kuma ƙarshen shekara.

Sai zafi. Duk wanda ya yi watan Maris da Afrilu a Garwa ya san ma'auni yana haura 40 ba tare da an yi mamaki ba. In ana kwashe babban aiki jikin diskin yana ɗumi sosai a hannu, kuma haka aka tsara shi, alminiyam ɗin ne ke fitar da zafin waje. SSD irin wannan in ya ji zafi ya yi yawa, ko aka daɗe ana zuba masa kaya ba hutawa, yana rage gudu da kansa don ya kare cikinsa. Iyakar da aka ba shi wajen aiki digiri 60 ce. Ni dai a kan tayil ko teburin ƙarfe nake ajiye shi inda fanka ke kaiwa, ba a kan katifa ko darduma ba, ba na kuma barinsa a gaban mota ko cikin jakar da ke rataye a rana. Lokacin hazo ina sa shi a 'yar jaka mai zif saboda ramin wayar a buɗe yake. Wanda aikinsa ya fi yawa a fili, irin masu ɗaukar hawan dawakai a ƙofar Lamiɗo, ya duba ɗan'uwansa T7 Shield mai rigar roba, wanda aka yi don ya jure ƙura da feshin ruwa.

Ɗauke wuta bai dame shi ba in a kwamfutar cinya yake, tunda daga jikinta yake shan wuta, batirinta ya tare. Masu kwamfutar tebur su ne sai da ondilar, wato na'ura mai batiri da ke riƙe wuta in an ɗauke. Kuma a riƙa sallamar diski ta kwamfuta kafin a zare, musamman da yake a tsarin jera fayiloli mai suna exFAT yake zuwa, wanda ba ya son a katse shi yana tsakiyar rubutu.

Shi wannan exFAT ɗin alheri ne ga mai aiki da Windows da Mac da wayar Android, duk suna karantawa suna rubutawa. Matsalar tana wajen kai wa mai biki kayansa. Wata rana uwar amarya ta dawo mini da kile, wato ɗan filas na USB, a ƙulle a bakin mayafi, ta ce, “Ɗana, talabijin ɗin ya ce babu komai a ciki, ga baƙi sun cika ɗaki.” Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri ki zauna, yanzu za a gyara.” Tsofaffin talabijin da dama tsarin FAT32 suka sani ba exFAT ba, shi kuma FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce 4GB. Sai na raba bidiyon gida uku, na mayar da kilen FAT32, aka wuce wurin. Yanzu kafin in zuba wa kowa nakan tambaya a me za a kalla.

In kun sa diskin 1TB kuka ga Windows ya nuna 931GB, ba a cuce ku ba. Kamfanoni da dubu-dubu suke ƙirgawa, Windows kuma da 1024. Cuta ta gaske tana wajen waɗannan da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, wai SSD mai 8TB ko 16TB a kuɗin da bai kai na kile mai kyau ba. Wani ƙanena ya kawo irinsa yana murna. Kwamfuta ta nuna girman da aka rubuta, ya zuba fina-finai, sunayensu duk suna nan reras, amma in ya buɗe na baya-bayan nan sai baƙin allo. Muka ɓalle murfin da wuƙa. Abin da ke ciki ɗan katin memori ne irin na waya an manna shi da gam a kan ƙaramin allo, sai wani guntun ƙarfe a gefe don ya yi nauyi a hannu. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw, tana cika diski da bayanai ta sake karantawa, ta faɗa maka ainihin cikinsa. Tana cin lokaci, amma ku yi wannan gwajin ga duk sabon kile ko diski tun mai shago bai manta fuskarku ba.

Inda T7 bai isar mini ba, halin SSD ne gaba ɗaya. Da kuɗin 1TB nasa za ka sayi diski mai faifai da ya ninka shi fili, mu kuwa biki biyu-uku sun cika shi. Diski mai faifai kafin ya mutu yakan yi ƙara ko nawa, ya ba ka dama ka kwashe. SSD yana iya wayar gari kwamfuta ba ta ganinsa. Abin da aka goge a kansa ma ya fi wuyar dawowa. Sannan a ɗan cajin lantarki yake riƙe bayanai, in aka jefa shi a durowa shekaru ba a kunna ba, ga zafi, cajin yana zurarewa a hankali. Shi ya sa na ɗauke shi kamar kwanon awo, hatsin yana rumbu: aikin da ake kai ne kawai a cikinsa, in an gama ya koma diski biyu masu faifai, ɗaya a shago, ɗaya a gida, don gobara ko ɓarawo kada su haɗa duka. Masana suna cewa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Google Drive yana ba da 15GB kyauta, amma da tsadar data a nan, zaɓaɓɓun hotuna da takardun shago kaɗai nake ɗorawa. Shi T7 yana da kuma wurin sa kalmar sirri, mai kyau ne ga masu riƙe hotunan matan mutane, sai dai in ka manta kalmar babu mai buɗe maka kayanka, don haka rubuta ta a ajiye.

Wajen saye, garantin kamfani shekara 3 ne, amma amfaninsa ya danganta da inda ka saya, saboda haka a karɓi rasit mai lambar diskin, ko daga Duwala aka aiko ko daga Yawunde. Mai sayen diski na-hannu kuwa ya tafi da manhajar CrystalDiskInfo a kilensa. Tana nuna awa nawa diskin ya yi a kunne da lafiyarsa: shuɗi lafiya lau, ruwan ɗorawa a bar wa mai shi kayansa komai arha.

In kwamfutarka har yanzu diski mai faifai ne a cikinta, kada ka fara da T7. Sayi SSD na ciki mai kan SATA, inci 2.5, ko da mai 500GB ne, a ɗora Windows a kai. Ya fi arha, kuma a nan za ka fi jin canjin tun daga kunnawa. Tsohon diskin da aka cire a saya masa ɗan gida mai wayar USB 3.0, ya zama na ajiya.