Gasar bindiga biyu ta fi mini ta uku: shotgan ce ke cinye ranar

A Amurka idan aka ce gasar bindiga uku, ana nufin raifil, fistol da shotgan. Raifil ɗin yawanci samfurin AR-15 ce mai cin harsashi 5.56, fistol mai 9mm, sai shotgan mai geji 12, wato irin bindigar da ke watsa ƙwayoyin darma. Gasar bindiga biyu kuwa an cire shotgan, an bar raifil da fistol. Bayan gwada duka biyun, ta bindiga biyu na zaɓa, kuma kusan duk dalilaina a kan bindigar nan da aka cire suke taruwa.

Harbi da shotgan ba shi da wuya. Farantin ƙarfe a mita 10 ko 12, ƙwayoyin darma ɗaruruwa sun bazu, da wuya mai matsakaicin hannu ya kuskure. Inda ake raba gwani da ɗan koyo shi ne ɗuri. A rukunin Tac Optics, wato na masu raifil mai madubin saiti, wanda ya fi tara jama'a, da harsashi 9 kawai ake farawa a cikin bindigar. A ce zangon, wato sashe ɗaya na gasar, yana da faranti 25: saura 16 dole ka ɗura su da hannu, kana tafiya, agogo na ƙirgawa. Shi ya sa aka ƙirƙiro ɗurin huɗu-huɗu. Ana jera harsasan a maƙalai na musamman a gaban ɗamara, ka kifa bindigar, ko dai ka ɗora gindinta a kafaɗa ko ka matse shi a hammata, ka damƙo huɗu a lokaci ɗaya, biyu a kan biyu, ka tura biyun farko cikin bututun ajiyar harsashi da babban yatsa, ka bi da biyun ƙarshe. A hannun gwani abin sha'awa ne. Amma fasaha ce da ba ta da wani amfani sai a gasa, kuma tana neman atisaye na watanni da harsasan bogi a gida. Mutum zai iya fin kowa saiti a filin, ya ƙare a ƙasan jadawali saboda yatsunsa sun yi nawa.

Ga kuma abin da ke lalacewa. Idan ba ka tura harsashin ya wuce ƙugiyar da ke riƙe shi a bakin bututun ba, sifirin zai dawo da shi baya ya kwanta a ƙarƙashin cokalin da ke ɗaga harsashi, bindiga ta cije, sai ka tsaya ƙwaƙule. Cokalin kansa a bindigogi irin su Benelli M2 bakinsa a tsage yake, yana kama babban yatsa har ya fasa fata, don haka ake kai shi a cike tsagar da walda. Ramin ɗurin ma yadda ya fito daga kamfani ya yi ƙunci, sai an goge shi an faɗaɗa, kuma wanda ya zarce da guga ya ɓata gangar jikin bindigar ke nan, babu gyara. Sai ƙarin bututu don ta ɗauki 12, sai sabon sifirin da za a yanka daidai: in ya yi gajarta harsasan ƙarshe ba za su fito da ƙarfi ba, in ya yi tsawo bututun ba zai ɗauki adadin da ake so ba. Akwai waɗanda suka zo da shirin gasa tun daga kamfani, irin su Beretta 1301 Comp, Mossberg 940 JM Pro da Stoeger M3K, amma ko su ɗin mutane sukan ƙara musu aiki. Masu kuɗi sukan tsallake duk wannan su koma rukunin Open, inda ake amfani da shotgan mai magazin, sai dai can ma magazin ɗin na da nasa halin.

Harsashin shotgan ba iri ɗaya ba ne a zango ɗaya. Akwai na tsuntsu, mai lamba 7.5 ko 8, na faranti da fayafayan yumɓu, akwai kuma dunƙulallen darma guda ɗaya na abin da ke nesa. Bututun kuwa wanda ya shiga ƙarshe shi ke fara fita, don haka dole ka riƙe lissafin jerin a kanka. Ka kuskure faranti ɗaya ka maimaita, jerin ya goce, dunƙulen ya faɗa kan farantin kusa. A dokokin IPSC, ƙungiyar irin wannan gasar harbi ta duniya, ana harbin ƙarfe da harsashin tsuntsu daga mita 5, da dunƙule kuwa sai daga mita 40, saboda ɓaraguzan da ke dawowa. Wannan kuskure guda a gasa da yawa kora ce nan take. Ƙari a kan haka sai zaɓen matsin bakin bindiga kafin kowane zango: mai faɗi ya yi kyau ga yumɓu amma ba zai kayar da faranti mai nauyi a nesa ba, matsattse ya kayar amma yana neman saiti kamar raifil. Shotgan masu aiki da ƙarfin bugu irin Benelli sukan ƙi juyawa da harsashi mara ƙarfi ko in ba a danne su sosai a kafaɗa ba. Masu aiki da gas sun fi haƙuri, sai dai ba sa son dauɗa.

Nauyi ma abin dubawa ne. Harsashin geji 12 guda ya haura giram 40, na 9mm ko 5.56 kuwa wajen giram 12 ne. Yawancin kamfanonin jiragen sama kilo 5 na harsashi suke yarda fasinja ya ɗauka, wato harsashin shotgan ɗari da 'yan kai ya cinye rabonka gaba ɗaya. Mai zuwa babbar gasa irin Superstition Mountain Mystery a Mesa ta jihar Arizona, ko Rocky Mountain da aka saba yi a Raton ta New Mexico, sai dai ya aika da harsashinsa tun kafin ya tashi ko ya yi doguwar tafiya a mota. A filin kuma za ka ga manyan mutane na tura keken jarirai da aka mayar na ɗaukar bindigogi, don kayan sun fi ƙarfin kafaɗa.

Sai lokaci. Kowane ɗan gasa ya gama, sai an tayar da faranti, an sa sabbin fayafayan yumɓu, an kwashe bindigogin da ya bari a gangunan ajiya an tabbatar babu harsashi a ciki, an shirya wa na gaba nasa guda uku. Gangunan nan su ma tarko ne: ka jefa bindiga ciki da harsashi ba ka sa sefti ba, a wurare da yawa gasarka ta ƙare. Mutum yakan wuni a fili, harbinsa duka bai wuce na 'yan mintuna ba.

A gasar bindiga biyu raifil na rataye a jiki ko tana hannu, fistol na cikin kube, magazin mai 30 ya ishi yawancin zango, canji ɗaya ya isa in ya ƙare. Abin da ake gwadawa shi ne harbin kansa: kwali a mita 5, inda dole ka tuna cewa madubin saiti yana sama da bakin bindiga da kusan santimita 6 ko 7, ka ɗaga saiti kaɗan, sannan faranti a yadi 300 daga bayan shinge, kana haki. Raifil mai madubin da ke kusanto da abu ninki 1 zuwa 6 da aka saita a yadi 50, da fistol irin Glock 17 yadda ta fito daga kwali, sun isa mutum ya shiga ba tare da jin kunya ba. Salon ma iri-iri ne. PCSL, wata ƙungiyar shirya gasa a Amurka, ta fi karkata ga sauri da maki. Gasannin Brutality kuwa, waɗanda suka samo asali daga gasar bindiga biyu ta Tucson, har kamfanin Varusteleka ke shirya irinsu a Finland, suna haɗawa da aikin ƙarfi. Sanannen zangonsu shi ne na Kasarda: ka jefa dunƙulen ƙarfe mai hannu, ka ruga inda ya faɗi, ka kwanta ka harbi faranti, ka tashi ka sake jefawa.

Ba wai ba ta da nata aibin ba. Wanda gwiwarsa ko bayansa ke ciwo, salon Brutality zai wahalar da shi, gara ya nemi na sauri. Kuma akwai daɗin da babu shi sai a shotgan, musamman idan faranti ya faɗi ya cilla faifan yumɓu sama ka tarwatsa shi a iska. Haɗarin kora ma bai tafi ba, wuri ya sauya. Maratayin raifil yakan sarƙe da fistol ko ya karkata bakin bindigar ya wuce layin digiri 180, wato ya fuskanci bayan fili inda mutane suke, yayin juyawa, don haka a ɗaure rarar igiyar da roba, a kuma gwada sauyawa daga raifil zuwa fistol a gida da bindigogi babu harsashi. Kube mara makulli, irin na gasar fistol zalla, yakan saki bindiga idan ana gudu ko rarrafe, kuma fistol mai harsashi ta faɗi ƙasa kora ce. A sa mai riƙo irin Safariland ALS. A kuma duba harsashin raifil da maganaɗisu kafin a bar gida, domin filaye da yawa ba sa karɓar M855 mai koren baki ko duk wanda maganaɗisu ya kama kansa, saboda yana lotsa musu faranti.