Bel ɗin gudu cikin ruwa: yadda ya riƙe ni a kakar da agarata ta yi ciwo

Sharhin nan a kan bel ɗin soso ne, wanda ake ɗaurawa a ƙugu a shiga ruwa mai zurfi a yi ta gudu ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Na yi amfani da shi a tsakiyar kakar tsere, lokacin da agarar ƙafata ta hagu ta hana ni taka dutse, ga kuma tseren daji na kilomita 100 yana tafe, na riga na yi rajista. Ya cancanci saye, kuma duk mai gudun dogon zango da rauni ya zaunar zan ce masa ya nema. Sharaɗina ɗaya ne: ya shiga ruwan da sanin cewa zuciya da huhu bel ɗin yake tsarewa, warkar da ƙafa kuwa aikin wani abu ne dabam.

Ciwon nawa irin wanda masu hawa da gangara suka sani ne. Takun farko da safe, daga saukowa gado, sai ka ji bayan ƙafa ya ɗaure tamau, ka yi ɗingishi na 'yan mintuna kafin ya saki. Idan an fara gudu ya lafa, da yamma ya dawo da ƙarfinsa. Likitan gashin ƙashi ya matsa wurin da yatsu biyu, ya sami ɗan kumburi a tsakiyar jijiyar, a yankin da ya fi yawan kamuwa, wato santimita 2 zuwa 6 sama da inda take manne da ƙashin dunduniya. Ya sa na tsaya a ƙafa ɗaya na riƙa ɗaga diddige, bai ma jira na gaji ba ya ga bambanci tsakanin hagu da dama. Ya ce hawa da gangara a jingine su tukuna, amma kada in kuskura in kwanta ina jiran sauƙi. Shi ne ya kawo maganar ruwa.

Bel ɗin kansa ba wani abin kallo ba ne. Soso ne mai kauri, mai faɗi a gadon baya, ya tsuke ta gefuna, da maɗauri da ƙugiyar roba a gaba. Kamfanoni da dama suna yinsa, fasalinsu kusan ɗaya. Idan ka ɗaura ka shiga inda ruwa ya fi tsayinka, zai riƙe ka a tsaye, ruwan ya tsaya maka wajen wuya, kai a sama. Daga nan sai gudu: gwiwa ta ɗaga, ƙafa ta koma baya, hannuwa na tafiya gaba da baya yadda suke yi a kan hanya. Ana ci gaba kaɗan kaɗan, tafiyar da a ƙasa ba ta kai minti guda ba sai ta cinye maka mintuna.

Akwai abubuwan da sai an shiga ake ganewa. Maɗaurin yana saki idan ya jiƙe, don haka sai an ɗaure shi fiye da yadda jiki ke so tun a bakin ruwa, in ba haka ba soson ya haura haƙarƙari ya takura numfashi. Idan zaman ya yi tsawo gefensa yana gurje fata a ƙarƙashin haƙarƙarin, riga mai kama jiki ta raba ni da wannan. Sannan jiki yana da wayo, yana neman sauƙi. Da gajiya ta zo sai ka ga ka kife gaba kana iyo da tafin hannu, ko ka zauna a ruwan kana juya ƙafafu kamar mai tuƙa keke. Duka biyun sun daina zama gudu. Abin da ya gyara mini shi ne dunƙule hannu, miƙe ƙirji, da ƙara saurin taku maimakon faɗinsa. Wanda bai iya iyo ba ya sani cewa wannan ba rigar ceto ba ce, kada ya shiga sai inda akwai mai lura da masu ninkaya.

Agogon gudu zai ruɗe ka a makon farko. Ruwa yana matse jiki ta ko'ina, yana tura jini daga ƙafafu zuwa ƙirji, zuciya ta riƙa fitar da jini mai yawa a kowane bugu, saboda haka bugunta yakan yi ƙasa da abin da ka saba gani da kamar goma ko fiye a minti, ko da wahalar ɗaya ce. Na daina kallon lamba na koma auna numfashi. Wani abin kuma, gudun sannu a ruwa yana da sauƙin komawa shawagi. Abin da ya yi mini aiki shi ne zaman ƙarfi da hutu: minti biyu ko uku da iyakar ƙoƙari, ɗan hutu gajere, a sake, har a haɗa abin da ya kai awa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, duk saurin da ka ƙara shi ma ƙara maka turjiya yake yi, kuma tunda ba dukan ƙasa, washegari jiki a shirye yake ya sake. A kan hanya ba mai yin irin wannan zama kwana biyu a jere ya kwashe lafiya.

Masu bincike sun gwada abin tun shekarun 1990. Sun ɗauki ƙwararrun masu gudu, suka raba su, wasu suka ci gaba a ƙasa, wasu suka koma ruwa zalla na mako huɗu zuwa shida, aka tarar ƙarfin numfashin 'yan ruwan bai faɗi ba. Abin da na gani a jikina ya yi daidai da haka. Ranar da na koma sassarfa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, numfashi bai ba ni matsala ba ko kaɗan.

Amma amfanin da na fi gode wa bel ɗin nan a kansa ba agogo ke auna shi ba. Wanda bai yi gudun dogon zango ba zai yi wuya ya fahimci abin da rauni ke yi wa mutum a tsakiyar kaka. Watanni ka yi kana tashi kafin gari ya waye, ka tsara barcinka da hutunka da ƙarshen makonka a kan rana ɗaya da ke tafe. Abokanka su ne waɗanda kuke kwana a dutse tare. Rana ɗaya duk wannan ya tsaya. Su suna can suna turo hotunan tudu da hazo, kai kana zaune kana shafa bayan ƙafa. Barci ya lalace, rai ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma kullum akwai wata murya da ke ce maka ka fita ka gwada, wataƙila yau ya warke. Wannan muryar ce ke mayar da ciwon makonni ya zama na shekara. Bel ɗin ya ba ni abin da zan amsa mata da shi. Ina da wurin zuwa da asuba, ina da jadawali, ina fitowa a gajiye irin gajiyar da na sani, in ci abinci da marmari, in yi barci. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba.

Gundura kam akwai ta. Mutumin da ya zaɓi daji saboda sararinsa, yanzu bango ɗaya yake kallo yana kaiwa da komowa. Igiyar roba da na ɗaura a bayan bel ɗin na maƙala a bakin tafkin ta taimaka, domin ta tsayar da ni wuri guda, ba na tare wa masu iyo hanya, ta kuma ƙara nauyin aikin. Sauran kuwa haƙuri ne, kuma mai shirin yin awa goma sha biyar a kan ƙafa ba zai yi asarar koyon zama da gundura ba.

Yanzu ga inda bel ɗin ya tsaya. Agara a lokacin gudu tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jiki sau shida zuwa takwas a kowane taku. Jijiyar da ta yi rauni ba ta komawa ɗaukar wannan ta hanyar hutu, sai an riƙa ɗora mata nauyi da lissafi har ta sake ƙarfi. A ruwa mai zurfi kuwa kusan babu abin da take ɗauka. Abin da ya sa ruwan ba ya tayar da ciwon, shi ne dai ya sa ba ya maganinsa. Maganin yana kan matakala. A 1998 wani likita a Umeå ta ƙasar Suwidin, Håkan Alfredson, ya wallafa sakamakon masu gudu 15 da ya sa su tsaya a bakin matakala, su ɗaga da ƙafa mai lafiya, su sauke diddigen mai ciwo a hankali: sau 15 zubi uku da gwiwa a miƙe, haka kuma da gwiwa a lanƙwashe, safe da yamma, jimilla 180 a rana, har mako 12. Dukansu sun koma gudu. Likitana bai bi wannan adadi sak ba, ya fi karkata ga nauyi mai yawa a hankali, kwana uku a mako, amma tushen ɗaya ne. Ya kuma ja kunnena cewa wanda ciwonsa yake daidai inda jijiyar ta manne da ƙashi, sauke diddige ƙasa da matakala na iya ƙara masa, don haka a fara ganin likita kafin a kwaikwayi wani.

Ma'aunin da muka yi aiki da shi na Karin Silbernagel ne da abokan aikinta, waɗanda a 2007 suka nuna cewa ci gaba da gudu a lokacin jinya bai hana warkewa ba matuƙar ana lura da zafin: kada ya wuce 5 cikin 10 yayin aikin, ya lafa kafin wayewar gari, kuma kada ya riƙa ƙaruwa daga mako zuwa mako. Takun farko na safe shi ne alƙali. Shi nake tambaya kafin in ƙara ko da minti biyar.

Nan ne haɗarin bel ɗin yake, kuma shi ya sa na rubuta wannan sharhi. Yana fito da kai da huhun mutumin da ya shirya tsere, a kan ƙafafun mutumin da ya yi makonni bai sauko tudu ba. A da, idan ka yi hutu, numfashi ne ke fara tsayar da kai kafin ƙafa ta cutu. Yanzu wannan birkin babu shi. Gangara kuwa ita ce ke cin mutane a tseren daji, domin tsokar cinya tana aiki ne tana miƙewa tana tare nauyin jiki, kuma juriyar wannan ba a samunta sai ta saukowa da kanta. A tseren Western States na Kalifoniya a Amurka, mai kilomita 161, ana hawan kimanin mita 5,500 amma ana saukar kusan 7,000. A tseren UTMB, wanda ke zagaye dutsen Mont Blanc daga Chamonix ta Faransa, kimanin kilomita 170 ne da hawan mita 10,000, kuma duk abin da aka hau sai an sauko shi. Babu tafkin da zai shirya cinya da agara wa wannan. Ga kuma idon sawu, wanda ke mance yadda ake karanta tsakuwa da saiwa idan ya daɗe bai taka su ba.

Saboda haka na janye daga tseren kilomita 100 ɗin. Numfashina zai iya, na san haka, amma safiyata ba ta gama yin shiru ba, kuma gangarar da na gwada gajera ce. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wani aboki ya ce in haɗiyi ibuprofen, maganin kashe zafi, in je, kowa haka yake yi. Ban yarda ba, kuma ina roƙon mai karatu kada ya yarda. Wani gwaji da Grant Lipman na jami'ar Stanford ya jagoranta, aka wallafa a 2017, a kan masu tseren kilomita 80 a hamada, ya sami alamun raunin ƙoda a fiye da rabin waɗanda suka sha maganin, a kan kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ba su sha ba. Bayan haka, zafin da za ka kashe shi ne kaɗai ke gaya maka halin da jijiyar take ciki. Na ji ciwon janyewar sosai, ranar tseren ban iya buɗe waya ba. Zuwa ƙarshen kakar na shiga wani gajere, mai kilomita 50, da sandunan hawa a hannu, na sauko kowace gangara da taka-tsantsan, na gama ƙafata lafiya.

Wa zai amfana da bel ɗin? Mai ciwon agara, mai ciwon tafin ƙafa, da mai tsagewar ƙashin ƙwauri ko na ƙafa idan likita ya ba shi izini, domin duk waɗannan dukan ƙasa ne matsalarsu. Mai ciwon matsematsi ko gaban ƙugu ya yi hattara, ɗaga gwiwa a ruwa wurin yake wahalarwa. Mai buɗaɗɗen rauni ko sabon ɗinki ya jira ya rufe. Wanda ba shi da ruwa mai zurfi kusa da shi, keke zai yi masa mafi yawan aikin, kada ya ji ya rasa wani sirri.

Idan za ka saya, duba nauyin jikin da aka rubuta bel ɗin zai ɗauka, domin masu gudu da yawa ba su da kitse, suna nutsewa fiye da sauran mutane, ƙaramin soso zai bar ruwa a bakinsu. Zaɓi mai maɗauri mai ɗan naso da ƙugiyar da hannu ɗaya zai iya ɓallewa. A ɗauraye shi da ruwa mai tsabta bayan kowane amfani a shanya a inuwa, saboda kulorin, sinadarin da ake tsabtace ruwan tafki da shi, da rana maɗaurin suke fara ci kafin soson. Nawa har yanzu yana aiki, kuma ban ajiye shi ba bayan na warke: washegarin doguwar fita, maimakon sassarfar huce gajiya, ruwa nake shiga na rabin awa, matakala kuma tana nan a jadawalina kwana biyu a mako.