Daunriga ko zaren dalma: wanne ya fi kai fatsa wurin turawut na tafki?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Barka da samun jirgi, Allah ya sa alheri, ya tsare ka a kan ruwa. Ka ce kana zaune a Thunder Bay da ke lardin Ontariyo na Kanada, ka sayi ƙaramin jirgin alminiyam mai tsawon ƙafa 16, kana son ka riƙa jan fatsa a bayansa don kamun kifin turawut a Tafkin Sufiriya da ƙananan tafkunan Ontariyo, kuma kuɗin da ke hannunka na abu ɗaya ne: ko daunriga, wato na'urar da ke sauke fatsa can cikin zurfin ruwa, ko sanda mai zaren dalma. Shawarata ita ce ka sayi daunriga ta hannu guda ɗaya. Amma akwai watanni da wuraren da zaren dalma ya fi ta, don haka bari in jera maka su ka auna da kanka.

Komai ya ta'allaƙa ne a kan halin kifin. Turawut na tafki kifin ruwan sanyi ne, ya fi sakewa a ruwan da ke kusa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos. Da ƙanƙara ta narke, wajen watan Mayu, ruwan saman tafki da na ƙasa duk sanyinsu ɗaya, sai ka same shi a ƙafa 10 ko 20, har kusa da gaɓa. Idan zafi ya kankama, ruwan saman tafki ya ɗumama ya zauna a bisa na ƙasa, ba sa gauraya, kuma a tsakaninsu akwai wani yanki da sanyi ke sauka farat ɗaya. Kifin yakan nutse ƙarƙashin wannan yankin, ƙafa 60, 80, 100, wani lokaci fiye, sau da yawa ya kwanta dab da ƙasa a kan tudun duwatsu. To tambayar da za ka yi wa kowane kayan aiki guda ce: zai kai cokalina, wato ɗan ƙarfen nan mai ƙyalli da ƙugiya da ake yaudarar kifi da shi, wannan zurfin, ya kuma riƙe shi a can?

Daunriga aikinta kamar na mai zura guga ne a rijiya da kura. Faifai ne mai ɗauke da siririyar wayar ƙarfe, da hannu da ya miƙe bisa ruwa, da ƙwallon dalma mai nauyin laba 8 zuwa 12, wato kilo uku da rabi zuwa biyar da rabi, rataye a bakin wayar. A jikinta akwai agogon da ke ƙirga ƙafa nawa ka saki. Zaren fatsarka ba shi ne ke ɗauke da nauyin ba. Za ka fara sakin cokalin a bayan jirgi, ƙafa 15 zuwa 40, sannan ka danna zaren cikin wani ɗan kilif da ke maƙale da ƙwallon, ka sassauta abin naɗin zare, ka sauke ƙwallon a hankali har zurfin da kake so. Daga nan ka sa sandar a mazauninta, ka naɗe ragowar zaren har sandar ta lanƙwashe sosai, kanta na kallon ruwa. Idan kifi ya cafke, zaren ya fizge daga kilif, sandar ta miƙe tsaye zumbur. Ganin wannan miƙewar shi ne abin da ke sa mutum ya tashi da asuba cikin sanyi. Daga wannan lokacin babu komai tsakaninka da kifin sai zare mara nauyi, kana jin duk girgiza kan da yake yi.

Shi kuma zaren dalma nauyinsa a jikinsa yake. Saƙaƙƙen zare ne da aka zura siririyar dalma a cikinsa, kuma launinsa yana canzawa duk bayan yadi 10. Masu kamun kifi a nan da launi suke magana: za ka ji mutum ya ce ya saki launi biyar, ko ya saki duka goma. Lissafin da kowa ke amfani da shi shi ne kowane launi yana saukar da cokali wajen ƙafa 5 idan jirgi na tafiyar mil 2 a awa. Ke nan launi goma, wato yadi 100, zai kai ka kusan ƙafa 50. Ba a huda jirgi, ba batir, ba waya. Sanda mai ƙarfi, babban abin naɗi da zai ɗauki wannan kaurin zare, da wani siririn zare marar launi da ake ɗaurawa a gaba don kada kifi ya ga na dalmar, shi ke nan. Wajen ɗaurin akwai 'yar dabara: ka ja rigar zaren baya, ka karya dalmar kamar tsawon yatsa ka yar, ka zura siririn zaren cikin rigar da ta zama fanko har ya taɓa dalma, sannan ka ƙulla a kai.

Ka ga inda suka rabu tun daga nan. Zaren dalma iyakarsa wajen ƙafa 50 zuwa 60, kuma wannan ma kintace ne. Ka ƙara gudu, ya taso sama. Ka rage, ya nutse. Iska ta turo jirgi daga baya, lissafin ya canza. Daunriga kuwa lamba take ba ka. Idan na'urar hango kifi ta nuna maka garke a ƙafa 85, ka sauke ƙwallon zuwa 80, domin turawut ya fi tasowa sama ya cafki abu a kan ya bi shi ƙasa. Sai dai kada ka amince da agogon ɗari bisa ɗari: ruwa yana tura ƙwallon baya, wayar ta karkace, don haka ainihin zurfin bai kai abin da agogo ya nuna ba, kuma gwargwadon zurfi da gudu, gwargwadon bambancin. Maganinsa ƙwallo mai nauyi da tafiya sannu. Sau da yawa ana ganin ƙwallon kansa a allon na'urar kamar layi miƙaƙƙe, sai ka daidaita da ido. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da mafi yawanmu ke samun sararin fita, wannan bambancin shi ne komai. Mai zaren dalma yana wucewa ta saman kifi da ƙafa 30 bai sani ba.

Amma a watan Mayu da farkon Yuni labarin ya juya. Kifi yana sama, ruwan Sufiriya garau yake, ƙarar inji da inuwar jirgi suna korar shi gefe. Cokalin da ke ƙafa 20 a bayan ƙwallo, ƙarƙashin jirgi kai tsaye, yana ratsa wurin da kifi ya riga ya watse. Launi biyu ko uku na zaren dalma kuwa suna nesa a baya, inda kifin ya dawo ya natsu, kuma idan ka haɗa da ɗan allon da ke jan zare gefe, ka fita daga sawun jirgin gaba ɗaya. Akwai wani alherin kuma da mutane ba su cika lura da shi ba. Wannan tashi da nutsewar da na kira aibi ɗazu, ita ke ba cokali rai. Duk kwanar da ka yi, zaren da ke cikin kwana ya nutse, na waje ya taso ya ƙara sauri. Turawut yana da halin bin cokali mai nisa ba tare da ya taɓa ba, sai ya ga ya canza tafiya ya kai masa hari. Mai daunriga sai ya ƙirƙiri wannan da kansa, ta hanyar tuƙi a karkace, ko rage wuta da ƙarawa, ko ɗaga ƙwallon ƙafa kaɗan ya sake saukewa. A Sufiriya ma, saboda sanyinsa, ruwan saman tafkin yakan daɗe bai ɗumama ba, don haka zaren dalma yana cin kasuwarsa a can fiye da yadda yake yi a ƙananan tafkuna.

Wajen jawo kifi, ba na ɓoye maka, zaren dalma wahala ne. Yadi 100 na zare mai nauyi za ka naɗe, hannu ya gaji, kuma kifi mai laba huɗu kusan ba ka jin motsinsa. Ko duba cokali kake so ka yi, ko ciyawa ta maƙale, sai ka naɗe duka ka sake saki. Da daunriga ma akwai naɗi, tunda ta hannu ce, sai an ɗago ƙwallon daga ƙafa 100 bayan kowane kifi. Idan ku biyu ne, ɗaya na fama da kifi ɗaya na ɗago ƙwallo, don kada kifin ya naɗe zare a jikin waya idan ya iso kusa da jirgi. Idan kai kaɗai ne, a nan ta lantarki take da amfani, ka danna maɓalli ta hau da kanta. Sai dai kuɗinta ya ninka na ta hannu sau biyu ko fiye, ga batir da haɗa wayoyi. Ga jirgi irin naka, ta hannu ta kamfanin Scotty ko Cannon ta wadatar, kuma ana samun na hannu-biyu masu kyau idan kaka ta yi mutane suna ajiye jirage. Ka duba wayar sosai kafin ka biya, duk inda ta lanƙwashe ko ta yi gashi a nan za ta tsinke, kuma wannan gashin yana yanka yatsa.

Abu biyu game da daunriga nake so ka riƙe da kyau. Na farko kilif. Idan ya yi sakwa-sakwa, zai riƙa sakin zare ba kifi. Idan ya matse da yawa, ƙaramin kifi zai kama ya kasa fizgewa, ka yi ta jan sa awa guda ba ka sani ba har ya mutu. Ka riƙa kallon kan sanda, idan ka ga yana ɗan rawa ba irin ta igiyar ruwa ba, ɗauki sandar ka fizge zaren da kanka. Na biyu ya fi muhimmanci, domin batun rai ne. Masu neman turawut suna son ƙwallon ya riƙa shafar ƙasa yana tayar da laka, don hakan na jawo kifi, amma a kan yashi ko laka ake yin haka. A kan duwatsu ƙwallon yakan maƙale, jirgi na tafiya, waya mai ƙarfin ɗaukar laba 150 tana ja ta gefe ɗaya. A ƙaramin jirgi cikin igiyar ruwa, wannan na iya karya mazaunin daunrigar ko ya danna gefen jirgin ƙasa. Kada ka ƙulle birkin faifan tamau, bar shi yadda zai saki waya idan an ja da ƙarfi, kuma ka ajiye abin yanke waya inda hannunka zai kai nan take. Ƙwallo ana sayen wani. Ruwan Sufiriya ko a tsakiyar zafi yana da sanyin da zai sandarar da mutum, saboda haka rigar ceto a jiki take zama, ba a ƙarƙashin kujera ba. Zaren dalma idan ya maƙale, asararka cokali ne da 'yan yadudduka.

Wajen gudu duk ɗaya ne, mil ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi a awa. Ka riƙe cokalin a gefen jirgi ka kalle shi kafin ka saki: ya kamata ya riƙa kaɗawa hagu da dama, idan yana juyawa kamar fanka, ka yi sauri da yawa.

Akwai wurin da daunriga ba ta da amfani sam, shi ne tafkunan daji da ake shiga da kwalekwale a kafaɗa, irin na gandun Quetico. Ba mai ɗaukar ƙwallon kilo biyar a can. Idan irin wannan tafiya ce ta fi yawa a shirinka, to manta da duk abin da na ce, ka sayi zaren dalma.

Ka kuma kula da abin da kake ɗauka, ɗan'uwa, domin wannan kifi ya taɓa kusan ƙarewa a Manyan Tafkuna, waɗanda Sufiriya ke cikinsu. A shekarun 1940 da 1950 yawan kamun da ake masa da kuma wani kifi mai tsotsar jini da ake kira lamfire, wanda ya ratso ta mashigin Welland, suka durƙusar da shi. Kanada da Amurka suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta kula da kifin tafkunan a 1955, aka fara zuba maganin kashe 'ya'yan lamfire a rafuka a 1958, aka yi shekaru ana sakin ƙananan turawut, kafin na Sufiriya ya dawo yana hayayyafa da kansa. Har yau za ka kama mai tabo zagayayye a gefe, shaidar bakin lamfire. Kifi ne mai jinkirin girma, babba na iya haura shekara ashirin. Matsakaita sun fi daɗi a tukunya, kuma manya sun fi tara gubar da ke ruwa, shi ya sa gwamnatin Ontariyo ke fitar da jagora kan yawan da ya dace a ci. Idan za ka saki kifi, jawo shi a hankali daga zurfi don ya samu damar fitar da iskar cikinsa, za ka ga kumfa na tasowa kafin ya iso, sannan ka cire ƙugiyar da sauri, domin ɗumin ruwan saman tafki yana galabaitar da shi. A nan ma daunriga ta fi, tunda kana jin kifin kana sarrafa saurin jawo shi.

Kafin ka fita ka mallaki katin Outdoors na gwamnatin Ontariyo da lasisin kamun kifi, ka duba littafin dokoki na yankin da za ka, saboda lokacin buɗewa, adadin kifi da yawan sandunan da aka yarda mutum ɗaya ya saki sun bambanta tsakanin Sufiriya da tafkunan cikin ƙasa. Inda aka yarda da sanda biyu, tsarin da zan so ka kai gare shi baɗi shi ne ɗaya a daunriga can ƙasa, ɗaya da launi biyar na zaren dalma a baya. Bana dai ka fara da daunrigar, da ƙwallo mai laba 10 da wani na ajiya, kilif biyu, da cokula kaɗan masu launin azurfa da fari da kore. Idan gefen jirginka siriri ne, ka sa katako ko farantin ƙarfe a ƙarƙashin mazaunin kafin ka ɗaure kusoshi.