Fenti, takardar bango ko POP? Abin da zan saya idan kuɗin gyaran ɗaki da sito ba su da yawa

Duk wanda ya tambaye ni da me zai fara gyaran ɗakin kwanansa alhali aljihu ba nauyi, amsata ɗaya ce: fentin ruwa mai kyau, a kan bangon da aka gyara tukuna. Na taɓa manna takardar bango, na zauna a ɗakin haya mai silin roba, na kuma ga yadda silin POP (silin farar filasta) na ɗakin ƙanena ya koma bayan damina biyu, don haka ba da ka nake magana ba.

Mu fara da lissafi, domin nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, idan ka cire ƙofa da taga, bangonsa bai wuce murabba'in mita 40 ba. Fentin ruwa na kirki, lita ɗaya kan shafe kusan murabba'in mita 10 a shafa ɗaya. Shafa biyu ke nan lita 8, wato galan biyu masu lita 4. Idan filastar sabuwa ce za ta ɗan ƙara sha, sai ka ƙara galan ɗaya. To idan mai fenti ya ce maka sai babban bokiti mai lita 20 har guda biyu don ɗaki ɗaya, ka tambaye shi ina sauran zai tafi.

Abin da ya sa nake son fenti shi ne yana yafe kuskure. Yaro ya yi zane da biro, ka shafe wurin kaɗai. Kalar ta gundure ka bayan shekara uku, ka sauya da kuɗi kaɗan. Ka zaɓi kala mai haske, ruwan madara ko ruwan toka mai haske, domin ranar da babu wuta fitila ɗaya ta isa ta haska ɗakin, kuma ɗakin zai yi kamar ya ƙara faɗi. Idan da hali ka ɗauki irin mai ɗan santsi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, saboda ƙurar hunturu ba ta barin kowa. Fentin mai kuwa a bar wa ƙofa da ƙarfen taga. A bangon ɗakin kwana warinsa yana daɗewa, kuma yana kulle danshi a cikin bango har ya yi bororo ya ɓare.

Amma fenti, komai tsadarsa, ba ya maganin bango mai ciwo. Idan ƙasan bangonka yana fitar da farin gishiri yana ɓarɓashi, ruwa ne ke shiga, ko daga magudanar waje ko daga banɗakin da ke jingine da shi. Toshe wannan tukuna, a kankare, a cike tsagogi, a bar shi ya bushe. Sabuwar filasta tana son kamar mako huɗu kafin fenti ya hau ta. Mafi yawan fentin da ake zagi a gidajenmu gaggawar Sallah ko ta biki ce ta kashe shi.

Takardar bango kyakkyawa ce a hoto. Naɗi ɗaya kusan murabba'in mita 5 ne, ɗaki zai ci takwas ko fiye, zafin Afrilu ya sa gam ya saki, kuɗin cizo su samu mafaka a bayanta. Ban ƙara ba. POP yana da kyan gani amma ɗigon ruwa ɗaya daga rufi ya isa ya yi masa tabo, kuma kuɗinsa kaɗai zai cinye na fenti da labule da ledar ƙasa. Silin roba ya fi shi sauƙi da jure ruwa, shi zan ɗauka idan dole sai an sauya silin. Idan tsohon silin asbesto ne a ɗakin, kada a fasa shi ko a goge shi da sanfefa, ƙurarsa na lalata huhu. Idan bai fashe ba a shafe shi da fenti a ƙyale shi.

Yanzu ga abin da ya ƙona ni, wanda saboda shi na zauna rubuta wannan. Shekarar da na gyara ɗakin uwargida, mai fentin ya ce, "Alhaji, ka bar ni in sayo, akwai inda ake yi mini ragi." Ya kawo bokiti mai sunan babban kamfani, murfi a rufe, har da leda. Aka shafa, ya yi fes. Bayan kwana goma 'yata ƙarama ta jingina da bango tana cin tuwo, da ta tashi bayan baƙin hijabinta fari fat kamar ta faɗa buhun fulawa. Na shafa tafin hannuna a bangon, ya fito da gari. Na leƙa ragowar bokitin, ruwa a sama, a ƙasa dunƙulen alli da ko sanda ba ta juya shi. Bokitin na gaske ne, abin cikinsa ne na bogi. Sai da aka wanke bangon gaba ɗaya aka sake, na biya kuɗin aiki sau biyu, uwargida ta kwana huɗu a falo da yara.

Akwai masu bin wuraren gini suna sayen bokitan da aka gama da su, su cika da farar ƙasa da ruwa da ɗan gam, su mayar da murfi. Saboda haka ka je da ƙafarka wurin dillalin da kamfanin ya sani, ko Dulux kake so, ko Berger, ko Meyer, ko wani. Ka duba bakin murfin, idan akwai alamar an taɓa ɓanɓare shi da ƙarfe, ajiye. Ka nemi lambar rukuni da ranar da aka yi shi, da tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya. Ka sa a buɗe a gabanka a juya: na kirki yana haɗewa sumul ya riƙe sanda, na bogi yana tsiyaya kamar kunun da aka cika wa ruwa. Idan yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ya lalace. Mafi kyau ka fara sayen galan ɗaya, ka shafa a lungu, bayan kwana biyu ka goga da baƙin ƙyalle. Ka karɓi rasit. Ka kuma tsaya lokacin da ake sirka shi da ruwa, domin wani fentin na gaske ne, a gidanka ake kashe shi. In an gama, kada ka bar bokitin ya fita; a ɗebi ruwan wanki da shi ko a huda gindinsa a shuka na'ana'a.

Sito na bayan gida, inda ake ajiye fartanya, buhun masara da tarkace, shi ba kwalliya yake so ba, rufi yake so. Tamfol wata shida rana ta cinye shi. Zana da ciyawa suna da sanyi da arha, amma gara da ɓera da tsoron gobara sun sa ba na ajiye hatsi a ƙarƙashinsu. Alminiyam ba ya tsatsa, sai dai ya yi wa ɗan sito tsada. Ni kwano mai kauri nake zaɓa, ko da na hannu ne; a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ana samun tsofaffin kwanuka da ƙofofi da tagogi da aka ciro daga gine-gine, kuma tsohon kwano mai nauyi ya fi sabo mai kama da takarda.

Nan ma akwai cuta. Bandir kwano 20 ne, ka ƙirga da hannunka. Ka ɗaga guda ɗaya ta gefe: idan ya lanƙwashe kamar tabarma, iskar farkon damina za ta naɗe shi. Idan alminiyam za ka saya aka ce maka mai kaurin milimita 0.55 ne, ka sa a auna da ma'aunin kauri a gabanka, don sau da yawa 0.45 ko ƙasa da haka ake miƙo wa wanda bai tambaya ba. Katakon rufi a shafe shi da maganin gara na Solignum ko baƙin mai kafin a ɗora, kafinta ya buga ƙusa a kan tudun kwanon, kada ya buga a kwarin da ruwa ke bi. Daɓen ya ɗara ƙasar tsakar gida da bulo ɗaya, buhuna kuma a ɗora su kan katako, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango.