Kafin ka sayi madabod, duba inda kafofin USB za su sami wuta

Mai haɗa kwamfuta yakan ƙirga kafofin USB da ke jikin madabod, wato babban allon da ake jona dukkan sassan kwamfuta a kansa, ya ga goma ko fiye, ya ce shi ke nan. Amma yawan kafa ba shi ke sa na'ura ta yi aiki ba, wutar da ke bayanta ce. Kafar USB 2.0 a ƙa'ida wat 2.5 take bayarwa, ta USB 3.0 kuma wat 4.5. Linzamin kwamfuta (mouse) da allon rubutu ba su da damuwa da wannan. Faifan ajiya na waje kuwa, ko wayar hannu mai cajin gaggawa, nan ne ake ganin yana yankewa yana dawowa.

Akwai hanyoyi uku na samar wa kafofin isasshiyar wuta. Zaɓi na farko shi ne ka sayi madabod da ya zo da abin da kake so tun daga farko. Babbar waya mai fil 24 da ke fitowa daga akwatin wuta (power supply) ita ke ciyar da kafofin baya da kuma mazaunan da ake jona kafofin gaban akwati: mai fil 9 na USB 2.0, mai fil 19 na USB 3.0, da ɗan ƙaramin na USB-C. Sai dai wasu manyan madabod suna da ƙarin rami mai fil 6 a gefe, wanda mutane da yawa ke bari a buɗe don kwamfutar tana tashi ko babu shi. A ASUS ROG Maximus Z690 Hero, alal misali, idan ka jona wayar PCIe (wayar wuta irin wadda ake jona wa katin hoto, wato graphics card) a wannan ramin, USB-C na gaba zai yi caji har wat 60. Idan ba ka jona ba, wat 27 ne iyakarsa. Saboda haka ka ƙirga wayoyin PCIe da akwatin wutarka yake da su. Idan katin hoto ya cinye su duka, ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba. Ka kuma tabbatar akwatin kwamfutar yana da USB-C a gaba, in ba haka ba mazaunin banza ne.

Na biyu, katin USB da ake sakawa a ramin PCIe, wato doguwar tsagar da ake soka kati a jikin madabod. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma shi nake ba mai tsohon madabod shawara. Abin lura ɗaya ne: ramin PCIe bolt 12 da 3.3 yake bayarwa, USB kuma bolt 5 yake so. Shi ya sa yawancin katunan suke da wurin jona wayar wuta daga akwatin wuta, ta SATA mai fil 15 ko ta Molex mai fil 4. Akwai masu juya wutar da kansu, amma idan kafa huɗu za su ɗauki kaya masu cin wuta, na fi natsuwa da mai wayar SATA. Masu sayen Dell ko HP na ofis na hannu su buɗe su duba tukuna, domin da yawansu akwatin wutarsu na musamman ne, sau da yawa babu wayar SATA da ta rage.

Na uku, hob na waje, wato na'urar da ke mayar da kafar USB ɗaya zuwa da yawa, mai nasa cajar bango. Ba sai ka buɗe komai ba. Wanda ba shi da caja kuwa wutar kafa ɗaya yake rabawa, kada ka ɗora masa faifai.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka cusa wayar wutar CPU (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai fil 8 a wurin jona wayar PCIe ko akasin haka. Sun yi kama, amma tsarin wutarsu ya saɓa. Idan kuma akwatin wutarka mai cire wayoyi ne, wayoyin da suka zo da shi kaɗai za ka yi amfani da su, domin na wani kamfani kan iya shiga daidai su ƙona faifai ko katin da ka saya.